Hawan jini: aikin da ke jiran mai kantin magani na unguwa

Mai hawan jini yakan ga likita 'yan lokuta ƙalilan a shekara, in ma yana zuwa ke nan. Amma mai sayar masa da magani, kowane wata sai sun haɗu, wani lokaci ma kowane mako, domin da yawa ba sa iya sayen na wata guda a tashi ɗaya, sai dai a ɓallo musu kati ɗaya ko rabin kati. Daga nan aka samo maganar da ake ta yi a duniya ta ba masana harhaɗa magunguna na cikin unguwanni gurbi a kula da hawan jini. Ciwo ne da ba a warkewa a wuce wurin, sai dai a riƙe shi, kuma riƙon na kullum ne. Wanda ya fi kusa da mara lafiya a kullum ɗin nan kuwa shi ne na bayan kanta.

Alƙaluman ba su da daɗin ji. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023, masu hawan jini 'yan shekara 30 zuwa 79 sun kai kusan biliyan 1.3, wato sun ninka yadda suke a 1990. Kusan rabinsu ba su ma san suna ɗauke da shi ba, kuma mutum ɗaya kacal cikin biyar ne jininsa ya sauko ya tsaya inda ake so. A Najeriya, yawancin binciken da aka yi na nuna kusan ɗaya cikin kowane manya uku yana da shi. Ba rashin magani ya kawo haka ba. Magungunan hawan jini sun daɗe, an san su sarai, wasunsu ma na cikin mafi araha a kanti. Inda gizo ke saƙar shi ne tsakanin ranar da aka ce wa mutum "jininka ya hau" da shekara ashirin ko talatin da zai yi yana haɗiyar ƙwaya kowace safiya alhali ba ya jin ciwon komai.

Mun saba da ciwon da ke da farko da ƙarshe: zazzaɓin cizon sauro, a sha magani kwana uku a miƙe. Hawan jini ba ya bin wannan tsari. Mutum zai yi yawo awon jininsa na 170 bisa 100 yana cin kasuwarsa lafiya lau. In aka ba shi magani ya sha wata guda, ciwon kan da ya kai shi asibiti ya lafa, sai ya ce ya warke. Wani kuma ya ɗauka damuwa ce kawai, tunda an biya bashin ko an sasanta rigimar gidan, to jini ma ya koma mazauninsa. Damuwa takan ɗaga jini na ɗan lokaci, wannan gaskiya ne, amma mai hawan jini na haƙiƙa jininsa a sama yake ko da ranar aurar da 'yarsa ce. Yana nan yana cin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da zuciya da ƙoda da idanu a hankali, har a wayi gari baki ya karkace, ɓarin jiki ya shanye, a fara cewa jifa ne ko shafar aljanu.

Likitan da ya rubuta maganin ba shi da hanyar sanin an daina sha sai mara lafiya ya dawo, in ya dawo. Mai kanti kuwa, in yana riƙe da littafi, zai ga dattijon da ya sayi na kwana talatin bai sake leƙowa ba har wata ya zagayo ya wuce da mako biyu. Gobe ya gan shi zai wuce masallaci, ya ce, "Baba, kwana biyu ba ku zo karɓar maganinku ba, lafiya dai ko?" A amsar da za ta biyo baya ne ake gane ko mai kantin ya san aikinsa.

Sau da yawa ba taurin kai ba ne. Hajiya ce aka ɗora kan amlodipine, bayan 'yan makonni ta ga ƙafafunta sun kumbura wajen idon sawu, takalmi ya daina shiga. Maƙwabciya ta ce mata ai alamar ƙoda ce, maganin asibiti ya fara cin ta. Sai ta ajiye. Wanda ya karanci magani ya san kumburin idon sawu sanannen abu ne ga amlodipine, musamman in an kai miligiram 10, kuma akasari ba daga ƙoda yake ba. Likita na iya rage yawansa ya haɗa shi da wani kamar losartan, kumburin ya ragu. Wani kuma lisinopril ne ya sa masa busasshen tari mai ƙaiƙayin maƙogwaro, ya hana shi barci. In ya faɗa hannun wanda bai sani ba, kwalaben maganin tari zai yi ta saya, a ƙara masa da kafso, alhali abin da ake bukata shi ne a canza ƙwayar. Akwai magungunan da ke sa yawan fitsari. Mai shan su da dare zai kwana zarya, direban da ke doguwar tafiya ko mai son riƙe alwala kuma sai ya riƙa tsallake rana. Wani lokaci maganin matsalar bai wuce a gyara masa lokacin sha ba.

Akwai wadda maza ba sa faɗa a ɗakin likita, ga layi a waje, ga nas a tsaye: wasu magungunan kan rage wa namiji kuzari wajen iyali. Magidanci zai gwammace ya bar maganin ya yi shiru. Amma yakan raɓo kanti bayan isha'i, in ya ga babu kowa, ya kewaya ya kewaya ya faɗa. A nan ake bukatar wanda zai gaya masa cewa hawan jinin kansa, in an bar shi, yana lalata jijiyoyin da abin ya dogara a kansu, kuma akwai magungunan da ba su cika kawo wannan matsala ba. In kuwa ɗan kasuwa zalla ya tarar, maganin ƙarfin maza zai miƙo masa, a rabu a haka.

Azumi ma yana da nasa tambayoyin, amma masu sauƙi ne, tunda yawancin magungunan sau ɗaya ake sha a rana, ana iya mayar da su sahur ko buɗa-baki. Abin da ba shi da sauƙi shi ne ciki. Lisinopril da losartan da danginsu suna cutar da ɗan tayi, don haka matar da ke shan su ta ce ta yi ɓatan wata, ba a jira sai ranar awo ba. Akwai waɗanda ake ba masu juna biyu, irin methyldopa da labetalol da nifedipine, amma hawan jinin mai ciki na asibiti ne, domin shi ke kaiwa ga jijjiga.

Sai kuma abin da mai hawan jini ke saya a kantin nan ɗaya wanda ke warware aikin maganinsa. Lebura ko tela ko mai tura baro ya tashi aiki jiki ya yi tsami, sai ya ce, "A haɗa min na gajiya." A ƙulla masa ƙwayoyi huɗu ko biyar a 'yar leda, ba suna ba kwali. Da wuya a rasa ibuprofen ko diclofenac ko piroxicam a ciki, wani lokaci ma biyu a haɗe. Waɗannan suna sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, su ɗaga jini, su raunana maganin da mutum ke sha, kuma in suka haɗu da lisinopril da maganin sa fitsari suna iya taɓa ƙodar kanta. Tsofaffi masu ciwon gwiwa da baya akwai masu shan su kusan kullum, shekara da shekaru, kuma su ne suka fi kowa hawan jini. Maganin mura mai buɗe toshewar hanci shi ma yana ɗaga jini. Haka ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda sau da yawa akwai dexamethasone a cikinsu. Likita ba ya ganin wannan ciniki, domin ba a takardarsa yake ba. Mai kanti ne kaɗai ke ganin hannu ɗaya ya karɓi amlodipine ya kuma karɓi ƙullin.

A madafa ma haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a rana ya kai giram 5, abin da bai cika ƙaramin cokali ba. Uwargida za ta rantse ta daina sa wa maigida gishiri, kuma gaskiya ta faɗa, sai dai ta jefa dunƙule uku a miya, shi kuwa dunƙule mafi yawansa gishiri ne. Kanwa ma sinadarin da ke cikin gishiri yana cikinta. Tun a shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka danganta yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego da kunun kanwa da zafin da ake gasa su da shi. Zoɓo kuwa, akwai binciken da ya nuna yana ɗan saukar da jini, amma ɗan kaɗan ne, ba ya maye gurbin magani, balle wanda aka cika wa sukari.

Awon kansa yana da ƙa'ida, kuma a nan kantuna da yawa ke yin sakaci. Ana so mutum ya zauna kamar minti biyar ya huta, bayansa a jingine, ƙafafu a ƙasa, hannu a ɗore daidai da ƙirji, ba ya magana, ba ya jin fitsari, bai ci goro ko ya sha taba yanzu-yanzu ba. Maɗaurin da ake naɗawa a damtse in ya yi wa mai ƙiba kaɗan, lamba za ta fito sama da gaskiya. Kuma ba a yanke wa mutum hukuncin hawan jini da awo ɗaya, sai an samu 140 bisa 90 ko fiye a ranaku daban-daban. Wanda ya shigo daga rana yana haki, aka ɗaura masa na'ura a kan hannun riga yana tsaye yana ciniki, aka ce jininsa ya hau, aka miƙa masa magani nan take, an cuce shi. Awo kyauta in an mayar da shi tarkon ciniki, gara babu shi.

Shin akwai shaidar cewa duk wannan yana saukar da jini? Akwai, kuma mai ƙarfi. Wani nazari da aka buga a 2014 ya tattara gwaje-gwaje 39 da suka shafi marasa lafiya sama da 14,000, ya samu cewa inda masanin magani ya shiga kula da mai hawan jini, lambar sama ta awon jini (wato kamar 140 a cikin 140 bisa 90) takan ƙara sauka da kusan 7 zuwa 8. Kamar kaɗan ne, amma babban nazarin da mujallar Lancet ta buga a 2016 ya nuna saukar lambar sama da 10 na rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu.

Gwajin da ya fi jan hankali a Los Angeles ta Amurka aka yi shi, aka fitar da sakamakonsa a 2018. Likita Ronald Victor da abokan aikinsa sun lura baƙaƙen fata maza sun fi kowa fama da hawan jini amma ba sa zuwa asibiti, sai dai ba sa fashin zuwa aski. Suka ɗauki shagunan aski 52 da maza 319 masu hawan jini. A wasu shagunan, mai aski ne kawai ke ba da shawara yana ƙarfafa musu gwiwar ganin likita. A sauran kuma masanin magani ne ke zuwa shagon da kansa, ya auna jini, ya rubuta magani, ya ƙara ko ya canza, bisa yarjejeniya da likitocin mutanen. Bayan wata shida, lambar sama ta sauka da 27 a rukuni na biyu, a na farko kuwa da 9. Kusan kashi 64 cikin ɗari na rukuni na biyu jininsu ya dawo ƙasa da 130 bisa 80, a ɗayan kuwa bai kai kashi 12 ba.

Duka rukunonin an yi musu nasiha, duka suna da wanda suka saba da shi. Abin da ya raba su shi ne a ɗaya akwai mai ilmin magani da ke da ikon taɓa maganin nan take, ba sai an jira wata uku ba. A lardin Alberta na Kanada, inda doka ta ba masana magani damar rubuta magani tun 2007, wani gwaji na 2015 ya nuna irin wannan amfani. Ingila kuma a Oktoban 2021 ta fara biyan kantunan magani kuɗi don su riƙa auna jinin 'yan shekara 40 zuwa sama, su aika sakamakon ga likitan mutum. A duk wuraren nan akwai abu uku a ƙasa: mai kantin ƙwararre ne, yana da layin magana da likita, kuma akwai mai biyansa ladan lokacinsa.

In muka dawo gida, sai a ga ukun nan kowanne da sauran aiki. Na farko, wane ne a bayan kantar? A dokar Najeriya akwai famasi, wanda dole ya kasance ƙarƙashin wanda ya yi shekara biyar ko shida a jami'a yana karatun magani, irin waɗanda Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri ke yayewa, sannan ya yi shekarar sanin makamar aiki. Akwai kuma ƙananan kantunan da muke kira kemis, waɗanda lasisinsu na magungunan da ba sa bukatar takardar likita ne kawai. Maganin hawan jini ba ya cikin jerin da aka halatta musu. Hukumar kula da harkar harhaɗa magunguna ta ƙasa, wadda aka sabunta dokarta a 2022, ita ke kula da duka biyun. Amma famasi a manyan birane suka taru, su ma a unguwannin masu hali. A ƙauyuka da unguwannin talakawa kemis ne asibiti, mai shi kuma "likita" ake ce masa, kuma kowa ya san ana sayar da amlodipine a can. Ko a famasin ma, akwai inda lasisin ke rataye a bango, mai shi yana wani aikin a wani wuri, yaron shago ke sallamar mutane. Wanda ya kawo sakamakon Los Angeles ya liƙa wa irin wannan kanti ya yaudari kansa.

A ganina rufe ido a kan kemis ba mafita ba ce, sakar musu ragama ma ba ita ba ce. Abin da zai yiwu shi ne a raba aiki. Mai kemis da aka horar zai iya auna jini yadda ya kamata, ya rubuta a kati, ya tura mutum asibiti, ya tambayi mai neman haɗin gajiya ko yana da hawan jini kafin ya ƙulla. Fara magani da canza shi kuwa aikin wanda ya karanta ne. Abin da ya sauƙaƙa hakan yanzu shi ne an riga an samu tsarin magani mai matakai. Gwajin CREOLE da Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, aka buga a 2019, ya nuna haɗin da ke da amlodipine a ciki ya fi saukar da jinin baƙar fata. Shirin yaƙi da hawan jini da aka fara a ƙananan asibitocin jihohin Kano da Ogun a 2020 ma da amlodipine miligiram 5 yake farawa, in bai isa ba a ƙara losartan, a ci gaba mataki-mataki, kuma ma'aikatan lafiya na matakin farko ne ke gudanar da shi, ba manyan likitoci ba. In jami'in lafiya na ƙaramin asibiti zai iya bin wannan tsari, ban ga dalilin da zai hana wanda ya yi shekara biyar yana karatun magani ba.

Na biyu kuɗi. Mai kanti daga ribar abin da ya sayar yake ci. Minti goma sha biyar da zai yi yana wa Hajiya bayanin kumburin ƙafa babu mai biyansa, kuma in ya hana mutum haɗin gajiya, cinikinsa ya rage. Mafi yawan abin da 'yan Najeriya ke kashewa a kan lafiya daga aljihunsu yake fita, duk da dokar 2022 da ta wajabta inshorar lafiya. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, kamfanonin magani irin GSK suka tattara nasu ya nasu, farashin magani ya yi tashin gwauron zabi. Masu hawan jini da yawa suka koma raba ƙwaya biyu, ko sha yau a huta gobe, ko sai ranar da kai ya yi ciwo. A nan masanin magani na da rawar da ba kowa zai iya takawa ba: ya nuna wa mutum cewa amlodipine na wani kamfani mai rajistar NAFDAC, mai araha, aiki ɗaya yake yi da mai tsadar da ya saba. Sharaɗin shi ne ya san inda ya saro kayansa. Rikicin da ya kai ga rufe shagunan magani sama da dubu a kasuwar Sabon Gari ta Kano a farkon 2024, don tilasta wa 'yan sari komawa sabuwar cibiyar Dangwauro, a kan wannan batu na asalin magani da yadda ake ajiye shi aka yi. Jabun maganin zazzaɓi cikin kwana biyu ake gane bai yi aiki ba. Jabun maganin hawan jini kuwa mutum zai yi wata shida yana sha da yaƙinin yana kan magani.

Akwai iyakar da ko ƙwararren ma bai kamata ya tsallake ba. In na'ura ta nuna 180 bisa 120 ko fiye, ga ciwon ƙirji, ko numfashi sama-sama, ko gani dishi-dishi, ko harshe ya karye, ko hannu ya yi nauyi, mota za a nema a tafi asibiti. Tsohuwar dabarar fasa nifedipine a sa a ƙarƙashin harshe don jini ya faɗo nan take, likitoci sun daɗe da barin ta, domin faɗowar jini kwatsam na iya jawo shanyewar da ake gudu. Matashin da jininsa ya hau sosai, da mai ciwon sukari, da wanda yake shan magani uku jinin bai sauka ba, su ma suna bukatar gwajin ƙoda da na zuciya da babu su a kanti.

Na uku shi ne layin magana da likita, kuma shi ya fi wuya a nan. An daɗe ana zaman doya da manja tsakanin ƙungiyar likitoci da ta sauran ma'aikatan lafiya a kan muƙami da albashi da wanda zai shugabanci asibiti, don haka duk maganar ba mai harhaɗa magani ikon taɓa takardar likita takan koma rigimar iko. Tsoron likitoci ba na banza ba ne, sun ga abin da kantuna ke yi wa mutane. Sai dai a yanzu ma ana canza wa marasa lafiya magani a kanti kowace rana, saboda wanda aka rubuta babu shi ko ya yi tsada, kuma babu wanda ke sanar da likitan. Yarjejeniyar da aka yi a Los Angeles a rubuce take: ga magungunan da za a iya bayarwa, ga matakin da za a bi, ga lokacin da za a kira likita, kuma bayan kowace ganawa ana aika masa rahoto. Wannan ba ya bukatar a jira majalisa. Sashen masu hawan jini na babban asibiti ɗaya zai iya ƙulla irinta da famasi biyar ko goma da ke kewaye da shi, a ba kowane mara lafiya kati ɗaya da likita da mai kanti za su riƙa rubuta lambar jini da sunan magani da ranar karɓa a kai.